Makarin iska na manyan babura: kayan Turai a kan hanyoyin Damagaram

Assalamu alaikum. Zuwa ga ƙannenmu da abokan sana'a masu gyaran babur a Damagaram, daga ƴan uwanku masu aikin gareji a gabashin Faransa, dab da iyakar Jamus. Muna gaishe ku da aiki, a gaida mana iyayengijinmu da mutanen gida.

Kun yi tambaya kan gilashin gaba da sauran makaran iska na manyan baburan tafiya da ke shigowa na hannu, su Africa Twin, Ténéré, V-Strom da BMW GS: wanne za a saya, nawa ne, kuma in ya iso yaya ake ɗaura shi. Abin da za ku riƙe tun farko shi ne, kayan nan an ƙera su don mutumin da sanyi da ruwan sama suka dama. Ku kuwa zafi ne ya dame ku, da ƙura, da gargada. Cikin abin da ke rataye a shagunan nan akwai wanda zai amfane ku sosai, akwai wanda asarar kuɗi ne, akwai ma wanda zai dafa inji.

A nan ba a shiga shago a ce a ba ni gilashin babur. Mai shago zai tambayi sunan babur, da samfurinsa, da shekarar da aka ƙera shi, ya buga a kwamfuta, sai lambar kaya ta fito. A Faransa akwai shagunan Dafy, a Jamus akwai Louis da Polo, amma yawancin ciniki ta intanet ake yinsa. Masu ƙera kayan da suka yi suna su ne Puig na Sifen, Givi na Italiya, MRA na Jamus da Ermax na Faransa, masu BMW kuma suna da Wunderlich da Touratech. Tambayar shekarar nan ba iyayi ba ce. R 1200 GS ya canza jiki a 2013 lokacin da aka sa masa injin da ruwa ke sanyaya shi, gilashin na 2012 ba ya hawa kansa. Africa Twin mai 1000 da ya fito a 2016 dabam yake da mai 1100 na 2020, kuma a cikin kowannensu mai babban tanki yana da nasa gilashin. Don haka duk wanda zai aiko a saya masa, ya turo hoton takardar babur, da hoton lambar nan mai harufa 17 da ke wuyan firam, da hoton gaban babur inda ramukan bis, wato kusoshi masu zare, suke a fili. Babur na hannu sau da yawa an taɓa canza masa gaba, takarda kaɗai ba ta isa.

Kuɗi kuwa, yuro ɗaya sefa 656 ne, ba ya motsi. Ƙaramin makarin da ake maƙalawa a bakin gilashi ta sama, wanda muke ce wa leɓe, na kamfanin kirki yana tsakanin yuro 70 da 130, wato jaka 46 zuwa 85. Cikakken gilashi yana kamawa daga yuro 100 zuwa 200. Akwai marasa suna da ake samu a intanet kan yuro 20 ko 30, masu kama da na asali a hoto. Robarsu ba ita ce matsala ba, ƙarafan maƙalawa ne: ƙarfen narke ne mai gautsi, gaɓoɓinsa suna sassautawa, bis ɗinsa zare yake ci tun ɗaurin farko. A kwaltar Turai mai santsi sukan ɗan jima, a burji kuwa ba sa kai labari. Inda riba take shi ne kasuwar na hannu, Leboncoin a Faransa da Kleinanzeigen a Jamus. Bature yakan sayi gilashi biyu ko uku kafin ya dace da wanda ya yi daidai da tsawonsa, sauran sai ya sayar da arha, wasu ko ƙwarzane babu. Abin dubawa shi ne bakin ramuka: in akwai ƴan tsage-tsage da suka fito daga rami, a bar shi ko kyauta ne.

Abu biyu na nan da za ku so a ce akwai su a gida. Kayan da aka saya ta intanet doka ta ba mai saye kwana 14 ya mayar ba tare da ya faɗi dalili ba, sannan akwai garanti na shekara biyu kan sabon kaya. Shi ya sa ake gwada gilashi da ledarsa a jiki. Da zarar an huda ko an ƙwarzane, maganar mayarwa ta lalace. Jamusawa sun ƙara da nasu: gilashin da aka ɗaura wa babur sai yana da takardar izini, galibi wadda suke kira ABE, da lambar hukumar KBA a jikinsa, kuma takardar tana tafiya da direba. Duk shekara biyu ana kai babur dubawa. Faransa ma ta fara duba babura tun 15 ga Afrilun 2024. Ɗan sandan Damagaram ba zai tambaye ku ABE ba, amma lambar tana da amfani gare ku, don alama ce an gwada kayan, bakinsa ba mai kaifi ba ne, kuma ba zai tarwatse ya yanki mutum ba in an faɗi.

Ta fannin aiki kuwa kun fi mu, ba daɗin baki ba ne. Awa ɗaya a garejin nan yuro 60 ne zuwa 100 gwargwadon gari, kuma sai an ɗauki randebu. In bazararsu ta shigo, mai babur yakan jira makonni don aikin rabin awa. In ƙarfen maƙalawa bai yi daidai ba, ba mai lanƙwasa shi, ba mai ƙera wani, sai a mayar a odo sabo. A wajenku yaro ya ruga wurin mai walda, kafin la'asar an ƙera. Inda Bature ya fi ku shi ne haƙurin karanta takarda da auna ɗauri. Kowane kaya yana zuwa da zane, kowane bis da lambarsa da ƙarfin da za a ɗaure shi, kuma bakanike yana da kilen awo da ke yin ƙara in ɗauri ya kai. Hannun da ya saba da notin taya shi ke fasa gilashi.

Ga yadda iskar take aiki, don daga nan komai ya taso. In gudu ya ninka, ƙarfin iska sau huɗu yake zama. Gilashi mai faɗin santimita 40 da tsawon 50, in da a miƙe yake tsaye, a gudun kilomita 100 yana ɗauke da wajen kilo 10. Da yake a kishingiɗe yake, abin bai kai haka ba. To ku haɗa da hunturu. Mai zuwa Gure ko Tanut a watan Janairu iskar arewa maso gabas yake fuskanta. Gudun 100 da iska mai 30 a gaba sun zama 130, nauyin kuma ya ƙaru da kusan kashi 70 cikin ɗari. Ga tankokin mai da ke fitowa daga matatar SORAZ, duk wadda ta wuce sai ta watsa wa babur iska ta gefe. Wannan ne dalilin da ya sa babban gilashi a firam ake so ya zauna. Wanda aka ɗaura a gidon, wato ƙarfen da direba ke riƙewa, duk bugun da ya sha hannu yake kaiwa, kan babur ya fara rawa. Masu ƙananan babura na 125 da ke sha'awar dogon gilashi su ji wannan da kyau: babur marar nauyi da faffaɗan gilashi a gidon, gudu ya ragu, mai ya ƙaru, haɗari ya ƙaru.

Abin da ke kai mutane neman makari galibi girgizar kai ce. Gilashi yana ture iska sama, bayansa sai a samu gurbi, iska ta riƙa murɗowa tana cike gurbin. In murɗawar ta faɗo daidai kaske, wato hular kwano, kai ya dinga kaɗawa, ido ya kasa tsayawa, kunne ya cika da gunji. Ƙarar da ke cikin kaske a gudun 100 takan wuce desibel 90, kuma awanni a cikinta suna rage ji, shi ya sa masu doguwar tafiya a nan ke toshe kunne da ɗan soso. Kuskuren da aka fi yi shi ne sayen gilashi mafi tsawo. Sau da yawa gurbin yake ƙara wa girma, a wajenku kuma gurbin nan ƙura yake zuƙowa daga ƙasa ya juye ta a fuska da kan mita. Kafin a sayi komai a gano daga ina iskar take. A sami miƙaƙƙiyar hanya marar cunkoso, irin ta Mirriya da sassafe, a riƙe gudun 80. Direba ya ɗora tafin hagu a bakin gilashi ta sama: in girgiza ta ragu, leɓe ake bukata. Ya sa hannun a gefen tanki kusa da sandunan gaba: in nan ne ta lafa, daga ƙasa iskar ke tasowa, kuma ƴan kunnuwan gefe ne maganinta, dogon gilashi ba zai yi komai ba. Ya ɗan miƙe a kan matakai: in sama shiru ne, to gajeren gilashi ma zai fi wanda yake da shi. Wanda ke son gani da ido ya manna zaren ulu mai tsawon yatsa da salatif a bakin gilashi da kan tanki. Zaren da ya kwanta, iskar wurin lafiya take. Wanda ke rawa ko ya juyo gaba, nan murɗawar take.

Tsawo kuma, direba ya zauna yadda ya saba zama in ya gaji, ba a miƙe kamar za a ɗauki hoto ba. Bakin gilashi ya zo daidai kan hancinsa, yana kallon hanya ta samansa, yana ganin kwalta daga wajen mita 15 a gaba. Kallo ta cikin gilashi a ƙasarku ganganci ne: ƙura ta lulluɓe shi, fitilar mai zuwa ta watsu a cikin ƙwarzane, ga jakai da shanu a kan hanya da dare. Mai shiga yashi da burji yana tuƙi a tsaye ya rage tsawon fiye da haka, don in gaba ya faɗa rami bakin gilashi maƙogwaro yake nema.

Ɗaura leɓe aikin minti ashirin ne. A wanke gilashi ya bushe. A auna tsakiya a sa alama a kan salatif, a raba maƙalai biyu daidai dama da hagu. Kowane maƙali yana da ƴar roba ciki da waje, kuma kaurinta ya dace da kaurin gilashi, wanda galibi milimita 3 ne zuwa 5. A ɗaura dukan bis sako-sako tukuna, a daidaita, sannan a ɗaure da kilen alan mai lamba 3 ko 4, ana riƙe gajeren ɓangarensa. A bar tazarar kamar yatsa biyu tsakanin leɓe da gilashi, don iskar da ke bi ta tsakani ita ce ke kwantar da murɗawa. Wanda ya manne su ya kashe amfanin abin. A fara da leɓe a kwance daidai da kwanciyar gilashi, a gwada a 60, a 80, a 100, a ɗaga mataki ɗaya, a sake gwadawa. Abu ɗaya ake canzawa a kowane gwaji, in ba haka ba ba za a san wanne ya yi aiki ba. A gwada da goyo ma, don wani lokaci girgizar da ta bar direba kan na baya take komawa. Baburan da gilashinsu ke hawa da sauka da lantarki, irin BMW RT da Gold Wing na 2018 zuwa sama, a sauke gilashin har ƙasa a ga leɓe bai taɓa komai ba. Maƙali na matsewa ya isa a kwalta. Mai bin gargada kullum gara ya huda ya ɗaure da bis, domin girgiza tana zame matsewa sannu a hankali har leɓe ya tashi ya bugi fuska.

Canza cikakken gilashi kuwa, sirrinsa yana cikin ƴan robobin da bis ke shiga. Roba ce mai kamar ƴar hula, a gindinta akwai notin tagulla. In an murɗa bis sai ta kumbura ta bayan rami ta riƙe. Galibi ta M5 ce, wato bis mai kaurin milimita 5, raminta wajen milimita 10. Ita ce ke shanye girgiza, kuma ita ce ke sakin gilashi in an yi karo. Rana tana busar da ita, sai ta tsage ko ta riƙa juyawa da bis ko ta faɗa cikin jikin babur. Kada a mayar da tsohuwa, kuma duk mai odar gilashi ya haɗa da guda goma, kuɗinsu kaɗan ne, samunsu a gida ne wuya. Jerin shi ne: bis, rondel, wato ɗan zoben da ake sawa ƙarƙashin kan bis, na roba ko na filastik, gilashi, sannan robar. Ƙarfe kada ya taɓa gilashi kai tsaye ko'ina. A sa dukan bis da yatsa, zagaye biyu-biyu, kafin a ɗaure ko ɗaya. In rami ɗaya ya ƙi zuwa daidai, kada a danne gilashi a tilasta shi. A sassauta ƙarfen da ke ɗauke da shi a gyara, in ya ƙi a ɗan faɗaɗa ramin da zarto mai zagaye. Gilashin da aka ɗaure a takure zai tsage ko ba a taɓa shi ba. Bis M6 na ƙarfe a ƙarfe yana ɗaukar wajen Nm 10 a ma'aunin ƙarfin ɗauri, M5 wajen 5 ko 6, amma na gilashi galibi bai wuce 1 ko 2 ba. Wanda ba shi da kilen awo ya ɗaure shi kamar murfin kwalbar turare: da rondel ya fara lotsawa, a tsaya.

To in ba a ɗaure tamau ba, gargada ba za ta kwance shi ba? Nan ne wasu ke ɗauko gam ɗin zare, shuɗi ko ja, irin Loctite. A bis na ƙarfe zalla yana da kyau. Kusa da gilashi ko robar jikin babur guba ne, yana shiga cikin robar ya tsattsaga ta bayan ƴan kwanaki. Abin da ya dace shi ne noti mai zoben nailan a ciki, sannan a bi dukan bis a duba bayan kilomita ɗarin farko.

Huda ma tana da ƙa'ida, kuma zafinku ya sa ta fi muhimmanci. Fileksi, robar da ake yin gilashin babur da ita, yana buɗewa kusan sau shida fiye da ƙarfe in ya ji zafi. Tsakanin sanyin asubar hunturu da babur da aka bari a rana a watan Mayu, bambanci yakan kai digiri 45, ramuka biyu masu tazarar santimita 30 kuwa za su matsa da kusan milimita ɗaya. Don haka rami ya fi bis faɗi da milimita 1 zuwa 2, kuma ya nisanci baki da aƙalla ninki biyu na faɗinsa. A manna salatif gaba da baya, a sa katako a ƙasa. Sabon bakin huda na ƙarfe yana cafkar fileksi ya fasa shi wajen fita, sai a ɗan dakushe kaifinsa a dutse, ko a yi amfani da mai matakala, shi ya fi. A tafi a hankali ba dannawa, ana ɗiga ruwa. A ƙarshe a goge bakin rami ya yi sumul. Ƙananan kunnuwan da ake mannewa da salatif mai fuska biyu na 3M, a goge wurin da alkol, a danna sosai, a bar babur a inuwa; sai bayan kwana uku gam ɗin ke kai cikakken ƙarfinsa.

Garkuwar hannu ita ce muke ganin ta fi komai cancantar kuɗinku. A nan sanyi take karewa, a wajenku ƙaya, da tsakuwar da mota ke watsowa, da karyewar hannun birki in babur ya kwanta a yashi. A ɗauki mai ƙashin alminiyam da ke kama gidon wuri biyu, irin na Barkbusters ko Acerbis. A auna kaurin gidon: 22 ne ko 28 a tsakiya, maƙalinsu ba ɗaya ba ne. A auna ramin bakinsa ma, don na ƙarfe ya fi na alminiyam faɗin ciki, wasu kuma akwai noti a walde a ciki. Nauyin da ke bakin gidon ba ado ba ne, girgiza yake kashewa, in an cire shi ba a maye ba hannu zai riƙa mutuwa. Masu ɗaurawa a gindin madubi su kula: na Japan galibi M10 ne mai zare 1.25, na BMW 1.5, madubin dama na Yamaha kuwa zaren hagu ne, ana kwance shi ta inda ake ɗaure sauran. An sha karya shi don rashin sanin haka. In an gama, dubawa uku ba a tsallake su. A murɗa totur a saki, ya koma da kansa nan take. In ya yi nauyi, garkuwa ta matse shi, a ƙara rondel a tsakani. A juya kan babur har ƙarshe dama da hagu, kada garkuwa ta taɓa tanki ko gilashi, kada waya ko tiyon birki su ja. Sannan a ga akwai tazarar yatsa ɗaya tsakanin garkuwa da bakin hannun birki da na kuloci. Garkuwar da ta ɗan danna birkin gaba ba a jin ta a tsaye. A kan hanya faranti ya yi zafi, man birki ya buɗe, taya ta kame.

Makaran ƙafa su ne muka ce ku yi hattara da su. Bature yana sa su ne don su kare gwiwa daga sanyi, su kuma tara masa ɗumin inji a ƙafa. A digiri 42 ba mai neman wannan. Injin da iska ke sanyaya shi, irin tsohon XT 600 da R 1200 GS na kafin 2013, kada a sa komai a gaban haƙarƙarinsa ko gaban ƴar radiyatar mai. Mai ruwa ma iskar da ta shiga radiyata sai ta sami mafita ta gefe. In bayan an ɗaura makari fanka ta koma juyawa ba hutu a kan buɗaɗɗiyar hanya, a cire shi. Haka na'urar daidaita cajin batir, iska take sha, in an tare ta ƙonewa take. In dole ne, a ɗauki masu juyawa, irin waɗanda ake yi wa Gold Wing, da ake iya karkatawa su turo iska ciki. Na sama kuwa hukuncinsa dabam. Fatar mutum wajen digiri 34 take. Iskar da ta fi haka zafi ba ta sanyaya jiki, zafi take ƙara masa tana busar da gumi kafin ya yi aiki. Mai tafiyar Maraɗi da tsakar ranar Afrilu, gilashin da ya ɗauke masa bugun iska daga ƙirji yana rage masa ƙishi da gajiya, muddin an bar ƴar kafa a gindin gilashi iska na shigowa kaɗan-kaɗan. Kada a toshe kafar nan da sunan kare ƙura, ita ce ma ke rage zuƙowarta.

Roba iri biyu ce. Fileksi, wato akirilik, yana jure rana shekaru bai yi rawaya ba, ana iya goge ƙwarzanensa, amma dutse yana fasa shi. Polikabonet ba ya fashewa da sauƙi, sai dai ƙura na cin sa, kuma in ba mai rufin kariya ba ne rana tana mayar da shi rawaya. Mai kwalta ya ɗauki fileksi, mai shiga daji polikabonet mai rufi. Akwai wani abin da masu ƙerawa kansu ke gargaɗi a kai: gilashi mai lanƙwasa yana tara hasken rana wuri ɗaya in ta bugo ta baya, har ya narkar da robar kan mita. In a Jamus ana tsoron wannan, ina ga Damagaram? Babur in zai tsaya a rana a yafa wa gilashin tsumma.

Wanda ba shi da kuɗin oda, ana iya yi a gida, kuma ya yi kyau. Masu allunan talla suna da fileksi. A nemi mai milimita 4. A fara yanka kwali, a manna a babur a gwada siffa, sannan a zana a kan fileksi da ledarsa a jiki. A yanka da zarto mai ƙananan haƙora, a zagaye kusurwoyi, a bi baki da sanfefa 240, 400, 600 har yatsa ya wuce ba kaifi. Fileksi yana laushi a wajen digiri 160, a tanda, ba a kan harshen wuta ba. In ya yi laushi a kwantar da shi a kan abu mai lanƙwasa da aka shimfiɗa wa tsumma, ya huce da kansa. Polikabonet in an gasa shi kumfa yake yi a ciki saboda danshin da ya sha, gara a bar ƙarafan maƙalawa su ba shi ƴar lanƙwasa a sanyi. Ƙarafan a yi su da alminiyam mai milimita 3, ko ƙarfe, a kuma yi waldarsu a ƙasa. Walda a jikin babur mai kwamfutar inji tana iya kashe ta, kuɗinta kuwa ya ninka na gilashi sau da yawa. Gilashin taga ko na mota, ko da wasa.

Wanki: ba a share ƙura a bushe, ko da hannun riga. A zuba ruwa ya tafi da yashi, sannan sabulu da tsumma mai laushi. Ƙwari irin su fara da suka manne, a shimfiɗa musu jiƙaƙƙen tsumma minti goma su saki. Fetur, man birki, tina da ruwan goge gilashin mota duk suna dusashe robar ko su tsaga ta, yaran da ke wanki a gareji a gaya musu.

Saura hanyar aikowa. Baƙon da ba mazaunin Turai ba, in ya yi sayayyar sama da yuro 100 a shago ɗaya a Faransa yana iya neman a mayar masa da wani abu cikin harajin kashi 20, in ya cika takarda a shago ya kuma nuna ta a filin jirgi. Mu mazauna ba mu da wannan damar. Aikowa ta kamfanin kaya kuwa, girman kwali suke cajin, ga duwan, har kuɗin hanya ya kamo na kaya. Leɓe, garkuwar hannu, robobin bis da notin nailan duk suna shiga jakar matafiyi mai kilo 23. Cikakken gilashi a bar shi da ledarsa, a sa shi tsakanin kwali biyu masu kauri, a kewaye da tufafi. Daga Yamai zuwa gida tafiyar kusan kilomita 900 ce a bas. A roƙi yaron mota ya tsayar da shi a gefe, kada a kwantar a ɗora masa buhu. Ledar bis ɗin kuma a manne ta a jikin kwalin da salatif, tare da takardar zanen.